Rajistar Makabarta Cikin Gidajen Jadawali

Zuwa ga 'yata,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina.

Kin tambaye ni yadda za ki zuba littafin makabarta a kwamfutarki: ko rubutu zube kamar wasiƙa, ko jadawali mai gida-gida. Shekara talatin ina rubuta kowane mamaci da jimlarsa: wane, yana kwance gabas da rijiya, shi ne mai gyaran agogo. Amma idona ya raunana, masu ziyara kuma suna son sauri. Na zaɓi jadawali. Ki jera sunayen bisa haruffa, kowa da lambar kabarinsa.

Allah Ya yi miki albarka.

Mahaifinki

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, takardun jadawalin sun iso, kuma tun jiya ban samu natsuwa ba.

Jiya da hantsi wani tela ya zo ziyarar mahaifinsa. Na duba takarda, na kai shi lamba tamanin da bakwai, ya tsuguna yana kuka. Sai na ga dutsen nan mai tsaga da na dasa da hannuna. Kabarin mahaifiyarki ne.

Na koma rumfata ta bakin makabarta na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Ashe sunayen kaɗai kika jera, lambobin suna nan inda suke. Mutum ɗari huɗu sun yi musayar makwanci a takarda, ba wanda ya motsa a ƙasa. Ban zarge ki ba, ni na zaɓa.

Saura abu ɗaya. Sunana da na sa a ƙarshen littafin a matsayin marubuci, shi ma ya shiga sahu. Ya faɗa a tamanin da takwas. Na je na duba: fili ne, gefen mahaifiyarki, ko ciyawa ba ta tsiro a kai ba. Na san gaibu na Allah ne, na'ura ba ta san komai ba. Duk da haka na daɗe a tsaye.

Littafin yana hannunki, kuma bayan shi ba mai shaidar makwancin mutanen nan sai ni. Ki sake shi rubutu zube, kowa da jimlarsa manne da sunansa, kada ki jira ƙarshen wata. Tamanin da takwas kuwa, ki bar mini sarari a ƙasansa. Jimlar ke za ki rubuta.

Wassalam.

Mahaifinki