Manhajar da ta yi wa yadina ƙarya

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwa, ya sa albarka a nema. Mu nan kowa lafiya. Inna ta warware har ta koma faɗa da masu shara, ka san alamar lafiyarta ke nan.

Ka ce in bincika maka wace manhajar tace bidiyo za ka saya wa ɗanka Dogo, tunda ya kama sana'ar ɗaukar hoto gadan-gadan. Yaya, na bincika, kuma har yanzu raina a ɓace yake. Guda biyu Dogo ya nuna min. Ɗaya ba ta da kwalliya, yanka da jerawa kawai, kuma tsohuwar kwamfutarsa na jan ta lafiya. Ɗayar, wadda ya mutu a kanta, da kanta take ƙara wa komai haske da kala, kwamfutar kuwa sai nishi take kamar mai naƙuda. Na ce gani ya kori ji, ya zo ya yi wa shagona talla da ita, tunda kamfanin da ya yi ta ya ba shi ta gwaji.

Da na sani ƙeya ce. Shuɗin yadin nan mai duhu da ke saman kantar shagona ya fito a bidiyo yana walƙiya kamar wuyan ɗawisu. Ni kaina ta goge min fuska tas, ba layi ko ɗaya, har tela maƙwabcina ya tambaye ni yaushe na ɗauki yarinyar shago. Washegari mata suka cika min ƙofa, kowace da waya a hannu, wai wannan kalar suke so. Na sauke musu yadin, suka ce ɓoye na gasken na yi wa 'yan gaban goshi. Wata tsohuwar kwastomata ta kalle ni ta ce ashe ni ma na fara ha'inci. Ni da ko ƙyalle ban taɓa sayarwa ba sai na fito da shi rana mai saye ya gani!

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne na bayan nan. Babban dilan layinmu, wanda sitonsa ke cike da kwantai da ya koɗe, ya ga bidiyon, ya aiko a kira Dogo, ya ce irin wannan aikin yake nema. Ɗanka ya shigo min yana washe baki wai ƙofa ta buɗe. Na ce masa ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma ranar da masu saye suka farga, dila zai ɗage kafaɗa ya ce ai mai hoto ne ya yi. Wa zai sake ba shi aiki? Ya ce min wai ban gane zamani ba.

Don haka ka saya masa marar kwalliyar, ya koyi yanka da hannunsa, ka kuma kira shi kafin ya amsa wa mutumin nan. In ya ƙi ji, na rantse ranar da bidiyon ya fita zan ja kujera in zauna a bakin siton, duk wadda ta zo in raka ta da yadin zuwa rana.

Ka gaishe min da Antinmu da Auta, da Kawu in kun haɗu. Inna na sa muku albarka.

Ƙanwarka,
Mai Yadi