Wayar da Ta Cinye Rigar Michiyo

Zuwa ga Yaya Fumie,

Gaisuwa mai yawa. Yaya gwiwar taki, ta bar ki kina barci? Ina fatan damina ta zo muku da sauƙi.

Yaya, motar kwananmu ta kama da wuta. Mu mun tsira, amma farar rigar ziyarar matata Michiyo ta ƙone, wadda muka yi shekaru muna zaga haikalan tsibirin Shikoku ana buga mata jan hatimi a kowanne, wadda za a lulluɓe ta da ita ranar da ta cika. Kin kuwa san abin da likita ya faɗa game da huhunta.

Aikin ƙaninta ne, Tsutomu. Ni da na fara da akwalar mota ɗaya har na tara motocin kifi masu sanyi, ban taɓa barin kowa ya taɓa mini waya ba. Michiyo ce ta roƙe ni, wai ba shi da aiki, a bar shi ya haɗa mana sola. Ya ɗauko siririyar waya irin ta fitilar ɗaki ya ja daga batir, ba fis mai yanke wuta ko ɗaya, ya zura ta cikin hudar ƙarfe ba roba. Da na tambaye shi, har da dariya, wai Yaya Genzo tsoro ya yi maka yawa, zamani ya wuce ka. To ga zamanin nan ya zama toka.

Michiyo ba ta yi kuka ba, shi ya fi ƙona ni. Sai na rama.

Ƙaninki,
Genzo

Zuwa ga Yaya Fumie,

Ina gaisuwa. Lemon da kika aiko ya iso, Michiyo ta iya shan ɓari ɗaya. Yaya jikokin?

Motar ba ta ƙone duka ba, na sake wayoyinta da hannuna. Sai da na lissafa abin da firji da injin numfashinta za su ja kafin na sayi komai. Waya mai kaurin yatsa, fis a gindin batir, wani tsakanin faifan sola da na'urar caji, roba a kowace huda, da makunni ɗaya mai yanke komai. Na sayi sabuwar farar riga irin waccan.

Sai dai ba inda za mu. Michiyo ba ta iya tashi zaune, ni kuma ba zan bar gefenta ba.

Tsutomu ya zo da kwalin alewar wake, ya kifa goshi a ƙofa yana neman gafara. Kin ce in karɓa. Ban karɓa ba, Yaya, kar ki sake roƙona. Mabuɗin mota na jefa masa tare da rigar. Na ce ya bi haikalan ɗaya bayan ɗaya, ya hau kowace matakala da wannan tumbin nasa, ya yi addu'a yadda ake yi kafin a buga wa rigar hatimi. In Michiyo ta cika kafin ya dawo, kar ya nuna mini fuskarsa. Ya tafi yana sharɓar kuka kamar ɗan yaye.

Naki,
Genzo

Zuwa ga Yaya Fumie,

Na gode da takardar ta'aziyya. Na san ƙafa ce ta hana ki zuwa. Ki riƙa shan maganinki.

Tsutomu ya dawo kafin Michiyo ta cika, ya rame, fuska ta yi baƙi, rigar ta cika da jan hatimi har wuya. Michiyo ta shafa ta, ta yi murmushi, ta ce in bar shi ya shigo. Na bar shi saboda ita. Ya kwana biyu yana riƙe da hannunta. A cikin rigar muka sa ta.

Kada ki ɗauka na huce. Lokacin da ya kamata ta yi tana kallon teku ta tagar mota, a gado ta yi shi tana jiran riga. Wa zai mayar mata da wannan?

Ranar jana'iza, da aka zo kiran mutane su zuba turare a garwashi don ban kwana da ita, ni na tsara yadda za a kira. Kin san ɗan'uwa na jini a sahun farko yake. Aka kira dangi, aka kira maƙwabta, aka kira direbobina, har matar da ke wanke mana kwandunan kifi. Yana zaune a gaba, kowa na wuce shi yana satar kallonsa. Sai da garwashin ya kusa mutuwa aka kira sunansa.

Ya tashi, ya zuba, ya juyo ya sunkuya mini, yana jiran in mayar masa da gaisuwar. Na bar shi a sunkuye.

Ƙaninki,
Genzo Ochi