Akwatin da Ya Faɗo wa Kawu Ɗan Azumi

Agege, Legas

Zuwa ga Yaya Fareeda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan, da yaran, da sauran mutanen Funtuwa. Allah ya ƙara wa Kaka sauƙin ƙafa. Ina rubuta miki wannan ne Umma tana tsaye a kaina tana faɗa. Cewa take tun ranar da na ce aikina sakin balan-balan ne ta san ba zai ƙare lafiya ba, 'ya'yan mutane sun yi boko sun zama likitoci, tata ta koma wasan yaran Sallah.

Bari in gaya miki aikin, ko da yake ba ki taɓa tambaya ba. Can sama akwai wata iska, ozon, mai tare mana kaifin rana. Masana suna zana taswirar yawanta a duk duniya, ɓangarenmu kuwa kusan fari fat ne, kintace kawai ake yi. Shi ya sa muke ɗaura ƙaramin akwatin soso a jikin ƙaton balan-balan, da batir da wayoyi da ɗan famfo mai zuƙar iska. Yana hawa yana aiko mana da awo har balan-balan ɗin ya fashe, akwatin ya sauko da 'yar laima. Yawanci teku ko daji yake faɗawa. Na makon jiya, wanda ni na sake shi da hannuna, iska ta juya da shi. Duk faɗin Legas bai ga wurin sauka ba sai rufin shagon naman Kawu Ɗan Azumi.

Da a kan rufin wani ya faɗa, da an taru an ɗauki hoto an yi dariya. Amma Kawu Bahaushe ne mai gemu a Legas, ga akwati mai wayoyi yana ƙugi a kansa. Bai kira kowa ba, ni ma bai tuna da ni ba. Ya sauko da shi, ya cusa a buhun shinkafa, ya nufi kwalbati zai jefar. Wani maƙwabci ya gan shi yana tafiya yana waige-waige, ya kira 'yan sanda. A hanya aka tare shi, buhun a hannunsa. Takardar shaidar da muke liƙawa kuwa ruwan sama ya ɓare ta.

Na je inda ake tsare da shi da duk Turancina. Jami'in ya saurare ni da ladabi, sannan ya tambaya ko ana ganin iskar nan da ido. Na ce a'a. Ya tambayi dangantakata da mai buhun. Na ce ƙanin mahaifiyata ne. Duk abin da na faɗa, wannan kaɗai ya rubuta. Na hango Kawu ta taga, ƙafafunsa sun kumbura, kin san ciwon sugansa. Abin da ya iya tambayata shi ne ko an sayar da naman da ya bari.

A wurin aiki, shugabana Oga Nanpon ya tausaya ƙwarai. Ya ce shugabanni sun hana a rubuta komai sai lauya ya duba, lauya kuma yana hutu. Ya ja mini kunne cewa duk wanda ya yi magana da sunan cibiyar ba izini ya kori kansa. Daga nan ya taya ni murna, wai awon ranar shi ne mafi kyau da muka taɓa samu, har an sa mana ɗigo a taswira.

Jiya na ɗauko wani akwatin irinsa daga ɗakin ajiya, ban gaya wa kowa ba. Zan kai wa 'yan sandan, in buɗe shi a gabansu, in sa hannu cewa ni na saki wancan. Wato yau mace mai hijabi za ta ratsa gari a motar haya ta danfo da akwati mai wayoyi a jaka. Na dai cire batirin.

Kada ki gaya wa Kaka, ki ce Kawu ya je sarin shanu. In an kwana biyu ba ki ji ni ba, ki nemi Yaya Abdulbaƙi. Ladan direban tumatir zai kawo miki wannan. Ki gaishe da Baba Jumare da Hamani, ki shafa min kan yaran.

Umma ta ga jakar. Ta daina faɗa, ta shiga ɗaki ta rufo ƙofa. Ni ma na tashi.

Ƙanwarki,
A'ishatul Humaira