Na Faɗa wa Jikata Nauyin Kwanon da Ban Taɓa Aunawa Ba

Don Allah 'yata ki saurare ni yanzu, jibi za a kunna injin haɗa abincin kajinmu. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini.

Gidan kaji gare mu, alhamdulillahi, rufin asiri daidai gwargwado. Ɗana marigayi ne ya rubuta wa kwamfuta yadda ake haɗa abincin kaji: masara kaza, dusa kaza, gishiri kaza. To da kwanona ya yi lissafin, wani tsohon kwano mai lotsattsen baki, don da shi muka fara. Yanzu 'yarsa ta girma, ita ma aikin ta karanta, kai har ta fi uban surutu. Ta rubuta sabon shiri da wani yaren kwamfuta daban, ta ce ba za ta goge na babanta ba, nata zai riƙa miƙa wa nasa lamba, nasa ya yi lissafi ya mayar. Wallahi ranar har hawaye na yi don daɗi.

Amma nata kilo ya sani, nasa kwano. Ta tambaye ni kwanon kilo nawa ne, gaban ma'aikata. Kunya ta kama ni, na ce biyu. Ban taɓa aunawa ba! In gishiri ya yi yawa kajin suka zube fa? Kada kawunta ya fara ji, faɗa zai yi mata. Ita za a fara faɗa wa. To yaya zan yi?

Kakar Mai Kwamfuta

Mama, kwantar da hankalinki. Tsoronki yana kan hanya: idan wani shirin kwamfuta ya kira wani, lamba tsirara yake miƙawa, babu mai tambayar kilo ce ko kwano. In kilo biyun da kika ce kuskure ne, duk haɗin zai karkace. Kin yi gaggawar amsawa, ita ma ya kamata ta auna da hannunta.

Gyaran kuwa ƙarami ne, 'yan lambobi ne a mahaɗar shirye-shiryen biyu, ba sai an taɓa aikin marigayi ba. Yau ki kira ta ɗaki ku biyu, ki miƙa mata kwanon. Ta auna masara daban, dusa daban, gishiri daban, don nauyinsu ba ɗaya ba ne. Sannan ta gwada buhu guda kafin jibi.

Allah ya jiƙan ɗanki, ya yi wa jikarki albarka, ya ƙara miki lafiya.