Sunanka Ne a Kan Lasin Bindigar Baba

Dutsin-Ma,
Ranar Laraba.

Zuwa ga ƙanena Zubair,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya kuma tsare ku a can Fatakwal. Mu nan sai dai a ce da sauƙi. Ƙafar Inna ta ɗan lafa, tana takawa har zaure da sanda. Azumi matar Sa'idu ta shiga wata na takwas. Geron gonar Wurma ya isa girbi, tsuntsaye ke ta shagalinsu a ciki, don mai gonar, Sa'idu, yau kwanansa goma sha tara a tsare. Ilu direba na ba wasiƙar nan, na ce kada ya bar ƙofar gidanka sai ya ga ka buɗe ta da hannunka, tunda kirana ya zama abin da ba ka ɗauka.

Ran da na same ka a waya ba ka bari na kai ƙarshe ba, ka ce kana wurin aiki, kuma irin wannan magana ba ta waya ba ce. To ga ta a takarda. Yayanka Sa'idu ya taso daga gona da hantsi, bindigar Baba mai baki biyu a kafaɗarsa kamar kullum, don ka san yanzu ba mai shiga dajin nan hannu rabbana. Ya iske shingen jami'an tsaro kan hanyar Kurfi. Ko gezau bai yi ba, shi da kansa ya tsaya ya yi masu sallama, ya ciro gafaka ya miƙa takardu yana murmushi. Shekara da shekaru ana duba hatimi a ce ya wuce. Ran nan sai aka dace da wanda ya karanta. Ya dubi hoton, ya dubi Sa'idu, ya tambaye shi wane ne wannan. Allah sarki, bawan Allah har da alfahari ya ce ai ƙanensa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana babban aiki a kudu. Nan take aka karɓe bindigar aka sa shi a mota.

Kai ka fi kowa sanin yadda aka yi sunanka ya hau lasin nan. Lokacin da Baba, Allah ya jiƙansa, ya sayi bindigar, idonsa ya fara hazo, ba likitan da zai ba shi takardar lafiyar ido. Kai kuma kana koyarwa nan Dutsin-Ma, kana da katin aiki. Da bakinka ka ce a sa sunanka, ai duk gida ɗaya ne. Ina nan zaune ka tafi ɗaukar hoton da hular Baba a kanka. Sa'idu ya riƙe maganar nan taka kamar karatun allo. A wurinsa bindiga ta gida ce, kamar garma, kamar rumbu, duk wanda ya tsaya a gona shi ke saɓa ta. Bai taɓa kawowa a ransa hukuma ba ta san gida ba, mutum ɗaya ta sani.

Abin da ya fi ci mani rai, wallahi ban taɓa ganin mai tattalin takarda irinsa ba. Da aka miƙo mani gafakar na buɗe, sai da na yi hawaye. Mutumin da bai yi boko ba, amma kowace takarda ya sa ta a ledarta saboda ruwa, ya rubuta sunanta da ajami a gefe don kada ya rikice: wannan lasin, wannan ta likita, wannan ta dagaci, waɗannan na sabuntawa, shekara goma sha biyu a jere ba wadda ta ɓace. Duk shekara shi ke hawa mashin ya je ya bi layi ya sabunta maka, kai kuwa ko tambaya ba ka taɓa yi ba. Yanzu wannan tattalin nasa shi ya zama shaida a kansa, don kowace takarda da ya adana cewa take bindigar ba tasa ba ce.

Tun ranar gafakar nan take rataye a wuyana ƙarƙashin hijabi. Na je Kurfi, inda ake tsare da shi, sau shida. Na je wurin dagaci ya rubuta cewa ya san Sa'idu manomi ne ɗan manomi. Liman ya rubuta tasa. Na yi hoton kowace takarda kashi uku, na jera su a fayil yadda aka ce, ta asali a sama, kwafi a ƙasa. Mai ɗaukar fayil ɗin har yabona ya yi, ya ce da kowa na kawo takardu haka da aikinsu ya yi sauƙi. Sannan ya ce duk wannan ba ta fisshe mu ba. Abu ɗaya ake so: mai sunan ya zo da ƙafarsa, da katinsa, ya ce bindigar tasa ce, shi ya bar ta a gidan ubansa, ba sato ta aka yi ba, ba daga daji ta fito ba. In ya zo, za a yi mashi faɗa, ƙila a soke lasin, shi ke nan. In bai zo ba, ranar Alhamis ta sama za a kai Sa'idu kotu a matsayin wanda aka kama da makami ba izini. Ka san da wane ido ake kallon mai wannan laifi a ƙasarmu yanzu.

Saƙonka ya iso ta bakin Ilu, cewa in kamfaninku ya ji sunanka cikin maganar bindiga daga Katsina, aikinka ya tafi, a yi haƙuri a bi ta wata hanya. Haba Zubair! Aiki? Wa ya tsaya a gona har ka yi karatun da ya kai ka aikin? Geron da ake aika maka duk kaka, kana tsammanin daga sama yake zubowa? Ƙarƙashin bindigar nan aka noma shi. Na je ganin Sa'idu shekaranjiya, ya rame, wuyansa duk ya fito. Ka san abin da ya fara tambayata? Wai kada dai a ce an tayar maka da hankali. Na ce mashi kana hanya. Ni Ramlatu, da furfurata, ka sa na yi wa ɗan'uwana ƙarya yana bayan ƙarfe.

Wata hanyar da kake cewa a bi, to na samo ta. Wani mai buga takardun rantsuwa da ke zama gindin itacen bedi ya duba fayil ɗin, ya sassauta murya ya ce da mai lasin ya rasu ne, da maganar ta zama ta gado, magajin da bai sauya suna ba kuwa sakaci kawai za a ce ya yi. Ya ce uwa ta dangwala yatsa, shaidu biyu su sa hannu, wa zai je Fatakwal neman kabari? Ban zage shi ba. Na karɓi takardar. Na kai wa Inna na karanta mata, sai ta ce ita ba za ta binne ɗanta da bakinta yana raye ba. Azumi na zaune gefe da cikinta, ta tashi ta shige ɗaki. Da zan tafi Inna ta kira ni, ta tambaye ni wace rana ce kotun. Na faɗa mata. Ta ce in bar takardar kusa, kada in yar.

Na cike ta, Zubair. Sunanka, sunan Baba, shekarunka, duk na rubuta da hannuna, kuma na san zunubin da ke ciki. Gurbin ranar rasuwa kaɗai na bari. Motar Ilu za ta juyo ranar Lahadi, in ka shigo ta Litinin kana Dutsin-Ma, mu yaga takardar nan tare. In ta iso ba kai, ranar Talata zan kai Inna ta dangwala.

Inna na gaishe ka, ita har yanzu addu'a take maka. Kawu Maniru da Hafiza suna gaisuwa. Ka shafa mani kan Munzali da Zinariya. Ka gaida Hamdiyya, ka karanta mata wasiƙar nan kada ka ɓoye, ka ce mata ban so a ce ni na sa ta takaba a takarda mijinta na zaune kusa da ita.

Wassalam. Yayarka,
Ramlatu