Ƙusa a Cikin Tumbi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya ƙara wa ƙafar nan taki sauƙi, Ya sa sanyin garin da kuka koma bai tayar miki da ita ba. Mu nan lafiya lau. Inna na nan da ƙarfinta, sai idon hagu da ke yi mata hazo. Kullum sai ta tambaye ni ko kin bugo, in na ce a'a sai ta dube ni da ido mai lafiyar, kin dai san kallon Inna. Auta ya fara tafiya, maiɗakina ta ce taurin kaina ya ɗauko. Na zaɓi rubutu ne domin na san halina: in na kira ki a waya, da labarin kaina zan fara, kuma a nan zan ƙare.

To ga shi ma a takardar sai na fara da shi, ki yi haƙuri. Kin san daga aji uku na bar sakandare, babu wanda ya riƙe min hannu. Da kare ɗaya na fara, wanda na tsinta a bayan gareji na ɗaure da igiyar shanya. Yau karnukan gadi ashirin da biyu gare ni, suna tsaron sito huɗu da masana'anta guda. Ɗakunansu ni na buga bulon, ni na ɗora. Allon da ke ƙofa mai ɗauke da sunana, ni na hau tsani na kafa. Har abincinsu ni na gano da kaina, cewa ɗanyen tumbin shanu, wanda ba a dafa ba kuma ba a wanke shi fes ba, shi ke sa kare ƙarfi da sheƙin gashi. Likitan dabbobi ya yi min dariya a farko, daga baya shi ke aiko min mutane su tambaya. Na faɗi duk wannan ne don ki san wane irin mutum ne zai faɗa miki abin da ke tafe.

Da masaƙar da maigidanki yake aiki ta rufe, na ɗauke shi na ba shi aikin ciyar da karnuka. Kullum da safe in an kawo tumbi daga mayanka, sai ya baje shi a kan dakalin siminti, ya juya cikinsa waje, ya bi kowane lungu da yatsa, musamman ɓangaren nan mai kama da saƙar zuma. Ya ce shanun gari a bola suke kiwo, suna haɗiye leda da guntun waya da ƙusa, kuma ƙarfe a nan yake kwanciya. Yana da wani gwangwanin madara a kan taga da yake jefa abin da ya tsinta. Aikin minti goma sai ya ci awa guda, karnuka na ta haushi. Ni na laƙaba masa Malam Sannu-sannu, a gaban masu gadi, mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyu. Na ce masa shekara tara nake wannan sana'a kafin ya zo, ko kare ɗaya bai mutu min ba. Murmushi kawai ya yi, ya ce sannu ba ta hana zuwa.

Ki tuna Larabar da kika zame a banɗaki, ya kai ki asibiti. Kafin ya fita ya roƙe ni in jira shi zuwa azahar, in kuwa ba zan iya jira ba, to in laluba tumbin kafin in yanka. Abin ya ɓata min rai, wai ni za a koya wa ciyar da kare. Na ɗauki adda na daddatsa shi yadda ya zo. Yaya, a sara na uku ko na huɗu addar ta bugi wani abu, na ji ƙarar ƙarfe da kunnena. Ban tsaya ba. Na ce a raina simintin ne, alhali na san ƙarar siminti. Na watsa musu. Guguwa, karyar nan da ta fi kowa a wurina, ba ta tauna abinci, haɗiya take yi.

Washegari ta ƙi cin komai. Maigidanki ne ya fara lura, ya ce a kai ta wurin likita, na ce zafi ne ke damunta. Ranar Asabar ta mutu a kan teburin likita. Da ya buɗe cikinta ya ciro ƙusa mai tsawon gaɓar yatsa biyu, ya ce ta kwana uku ko huɗu a ciki. Sai ya ɗauki biro ya tambayi wa ke ba su abinci. Na ce mijin yayata ne. Kowace kalma a ciki gaskiya ce, amma ban taɓa yin ƙarya irin wannan ba. Maigidanki na tsaye a gefena. Na ga yana ƙirga kwanaki da yatsunsa, ya tsaya a kan Talata, ranar da shi ya ciyar, sai ya sunkuyar da kai. Da muka dawo ya wanke bahon tumbi, ya kife shi, ya miƙa min makullai. Takardar likita ta tafi ofishin ƙungiyar masu karnukan gadi kamar yadda ake yi, da sunansa a ciki. Bayan sati biyu kuka tashi, ba ki shigo min sallama ba, ni kuma na ce wa mutane fushi ne irin na mata.

Makon jiya Inna ta faɗa min abu biyu. Na ɗaya, wani kamfanin tsaro a can garinku ya so ɗaukar maigidanki aiki, suka rubuto wa ƙungiya, aka aika musu da waccan takarda, suka ce ya dakata zuwa ƙarshen wata. Na biyu shi ya hana ni sukuni: wai har yau yakan dubi hannunsa ya ce wataƙila yatsunsa ne suka tsufa. Ki faɗa masa yatsunsa lafiyarsu ƙalau. Gwangwaninsa na nan a kan taga, na juye shi na samu ƙusa da waya arba'in da ɗaya. Yanzu ni ke lalubar tumbin, kuma awa ɗaya da rabi nake yi. Ina jin dariyar masu gadi a bayan katanga. Girman kai rawanin tsiya, na naɗa shi ya isa.

Na je wurin likita na faɗa masa, na je ofishin ƙungiya. Sakataren ya so ya rufa min asiri, ya ce a gyara takardar a rubuta ba a san mai laifi ba, tunda masu sito za su iya janye min aiki in suka ji. Na ce masa ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ya ce to sai wanda aka ɓata wa suna ya cike takardar ƙorafi da hannunsa. Ga ta nan na haɗa a cikin ambulan. Ban ce ku dawo ba, ban kuma ce a yafe min yau ba, wannan yana hannunku.

Ki gaida min babbar 'yarki da mai sunan Baba da 'yan biyu. Inna na gaishe ku, maiɗakina ma haka, ta ce in gaya miki ita tun farko ba ta yarda da labarin ba. Kawu mai gyaran rediyo yana tambayarki. Shi kuwa maigidanki, ki gaishe shi da sunansa na gaskiya, ba wanda na laƙaba masa ba.

Saura abu ɗaya. Na san shi, zai zo layin da aka ce a faɗi wanda ya yi sakaci, ya rubuta ƙaddara, ko ya bar wurin fili don kada ya kunyata ƙanin matarsa. Kada ki yarda. Ki zauna kusa da shi har ya rubuta sunana cikakke, da manyan baƙaƙe, yadda yake a allon ƙofata. Duk abin da na yi a duniya ni kaɗai, sai da na sa aka rubuta sunana a kai. Wannan ma ni kaɗai na yi shi.

Ƙaninki,
Mai karnuka