Zobban da Na Zana a Ɗakin Gwaji

Zuwa ga Yayata abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar taki? Don Allah ki rage tsayuwar nan a shago. Mu nan lafiya lau, baban yara yana gaishe ki.

Kin tambaye ni labarin karatun yamma da nake zuwa. Yaya, daɗinsa ba a magana! Ni ce babba a ajin, har Mama suke ce mini, ko a jikina. Kin dai san abin da ya kai ni. In na ci jarrabawar ilimin halittu, makarantar ungozoma za ta ɗauke ni. In na faɗi shi ke nan, baɗi shekaruna sun wuce iyakar da suka sa.

Yanzu mun shiga ɗakin gwaji, dogon ɗaki mai teburan siminti da famfo ɗaya da ba ya daina ɗiga. An ce mana duk abu mai rai, daga ke har albasar girkinki, da ƙananan ƙwayoyin halitta aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Sai mu ɓare siririyar fatar cikin albasa, mu shimfiɗa a gilashi, mu ɗiga ruwa, mu rufe da wani ɗan gilashin, mu leƙa, mu zana abin da muka gani. Yaran sai ƙorafi, wai ba su ganin komai. Ni kuwa leƙawar farko na gan su ɓaro-ɓaro, zagayayyu, gefensu baƙi, tsakiya tana sheƙi kamar zobe. Tela, wata mai ɗinki da muke benci ɗaya, ta ce idona ya fi nata, nawa take kwafa yanzu. Malamarmu tana hutun haihuwa, wanda ya riƙe mata ajin kuwa ba ya tashi daga kujera. Na ƙosa ta dawo ta ga aikina.

Ki gaida mutanen gida duka.

Ƙanwarki,
Auta


Yayata,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara lafiya. To, ki zauna da kyau kafin ki karanta, don na san sai kin yi dariya har da hawaye.

Malama ta dawo. Na miƙa mata zanena ina wani ɗaga kai. Ta duba, ta leƙa madubina, ta cije leɓe. Sannan ta ce a hankali, "Mama, hannunki ya iya zane. Amma wannan iska kika zana."

Iska, Yaya! Ashe ɗan gilashin nan kifa shi nake yi gaba ɗaya kamar murfin tukunya, sai kumfa ta maƙale a ƙarƙashi. Ita ce zobban nawa da nake ta yi wa ado. Ƙwayoyin albasar suna nan a bayansu, dishi-dishi, ban ko kula su ba saboda ba su da kyan gani. Kunya ta kama ni kamar in nutse, musamman da na dubi Tela, baiwar Allah da ta cika shafi da iskata. Ita kuwa dariya ta yi ta yi har tana riƙe ciki, ta ce in sake cewa idona ya fi nata ta ji.

Malama ta nuna mana yadda ake jingina gilashin a gefen ruwan, a sauke shi sannu da tsinke, a rage haske, a juya ɗan abin murɗawa na jikin madubin kaɗan-kaɗan. Sai ga su a jere kamar bulon bango, kowanne da ɗan ɗigo a ciki. Tun ranar nake zana bulo, har baban yara ya ce ko gini na koma koyo. Jarrabawa ta matso, amma yanzu na san abin da nake nema. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta


Yaya tawa,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Ban jira amsarki ba, bakina ba zai iya riƙe wannan ba.

Ranar jarrabawa muka shiga, babu albasa ko ɗaya a tebur. Tsinke mai faɗi aka ba kowa, aka ce ya kankaro cikin kumatunsa, ya shafa a gilashi, ya ɗiga wani shuɗin ruwa mai kama da bula. Na sauke murfin a hankali, na leƙa. Babu bulo, babu jeri. Wasu 'yan abubuwa ne a warwatse, marasa siffa, gefe a lanƙwashe, kowanne da ɗigo shuɗi. Zuciyata ta ce wani shirmen na sake yi, gara in zana bulon da na haddace in huta. Har na ɗora fensir. Sai na ce a'a, ba a ce in zana abin da na haddace ba. Na zana su yadda suke, da muninsu.

Ashe daidai ne. Ƙwayoyin jikin mutum ba su da bango mai tauri irin na tsiro, shi ya sa ba su jeruwa kamar bulo. Masu bulo da yawa sun rasa makin. Tela ta ce wannan karon ko kallon takardata ba ta yi ba, ita ma ta haye.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Cikin ɗigon nan ne gadon halittar mutum yake, rabi daga uba, rabi daga uwa. Da na gama zanen na sake leƙawa, na daɗe ina kallo. Ko hoton marigayiya Inna ɗaya ba mu da shi, Yaya, ga shi ina duban abin da ta bar mini a cikin bakina. Sai da mai tsaron jarrabawa ya taɓa teburina na tashi.

Jiya sakamako ya fito. Na ci, makarantar ungozoma ta kira ni. Ki faɗa wa 'yarki mai ciki ta kwantar da hankalinta, wannan haihuwar ban isa ba tukuna, amma ta gaba ni zan karɓa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta